Ƙirgan Rumbu

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ku zauna. Kun ce, "Iya, yi mana magana da yarenku mu ɗauka, ai buɗe baki ne kawai." To, bari in gaya muku yadda aikin yake, don na yi shi shekaru, kuma na san inda ya kayar da ni.

Ban yi boko ba. An haife ni can kudu, cikin duwatsu, a wani ƙauye da ko na faɗi sunansa ba ku san shi ba. Mijina Bakatsine ne, fatauci ya kai shi wajen masu haƙar kuza, ya gan ni, na gan shi, muka daidaita. Ya kawo ni Katsina, unguwar Ƙofar Ƙaura, na musulunta, na haihu, na yi jikoki. Da Allah ya yi masa rasuwa sai na samu aikin tuƙa tuwo a wata makarantar sakandare. Duk tsawon shekarun nan ban yi harshen uwata da kowa ba, sai da kaji da awaki.

Akuya ce ma ta jawo aikin yaren. Wata rana da hantsi ta tsoma kai cikin kwanon gari, na bi ta da muciya ina zaginta da harshenmu. Sai na ji wani a bayana ya amsa da harshen nan, tsaf, ya ce laifin ba na akuya ba ne, na wadda ta bar kwano a buɗe ne. Na juya, ga wani dattijo da guduma a hannu, an kira shi gyaran bencin ɗalibai. Sunansa Ayuba, kafinta ne, Kirista, yana zaune a Kambarawa. Ƙauyensu da namu dutse ɗaya ya raba. Muka tsaya nan muna ta zuba har tuwo ya kama. Malam Lawal, mai koyar da harsuna a makarantar, yana tsaye a bakin madafa yana sauraro har muka gaji.

"Iya," in ji shi, "wannan wane yare ne?"

Na ce, "Namu ne, Malam. Ba shi da amfani."

Ya ce, "Ni yana da amfani gare ni."

Ashe shi da wasu malamai suna shirya wa ɗaliban makarantun garin wata gasa duk shekara. Ga yadda take. A ɗauko harshen da yaran ba su taɓa ji ba, a rubuta musu maganganu kaɗan a ciki, kowace da ma'anarta da Hausa. Sannan a ba su wasu babu ma'ana, a ce su gano. Ba littafin dubawa, ba mai gaya musu, sai dai su lura, su gwada wannan da wancan, har su ga hanyar da harshen yake bi. Da can daga littattafai Malam yake ɗebo harsunan. Yanzu ga biyu masu rai sun faɗo masa a bakin madafa.

Zama na farko a zauren gidansa muka yi shi. Kayan aikin ba su da yawa: rikoda mai batir, kaset-kaset cikin gwangwanin madara, littafinsa mai baƙin bango, da faifai. A kan faifan akwai tsakuwa, da wake, da tsinken tsintsiya, da 'yar ƙwarya. Bai taɓa ce mini, "Yaya kuke kiran kaza?" ba. Sai dai ya ɗauki ƙwaryar ya sake ta ta faɗi, ya dube ni, ni kuma in faɗi abin da na gani. Ya sa ni in yar da ita da kaina, in faɗa. Ya ɓoye ta bayan tabarma, in faɗa. Kwana tara muka yi a kan ƙwaryar nan, har ta tsage aka ɗinke ta. In na gama sai in fita in zauna ƙarƙashin dalbejiya, nesa yadda ba zan ji ba, a kira Ayuba a yi masa irin abin da aka yi mini. Sai bakinmu ya zo ɗaya sannan Malam ya rubuta. Baki biyu, haka yake kiran dokar. Abin da baki ɗaya ya faɗa ba ya shiga takardar yara.

Kun ce ba wuya. Ni wata uku na yi ina ɓata masa kaset. In na ga ya danna rikoda sai in gyara murya, in ja magana kamar mai yi wa kurma bayani. Ya kashe, ya ce, "Iya, ba haka kika yi wa akuya ba." Wata rana in ƙawata zancen don ya ji daɗi, ya kashe. Wata rana in soma yi masa fassara, ya ce fassara aikinsa ne, ni dai in faɗa sau uku iri ɗaya. Ku gwada faɗin abu sau uku iri ɗaya kuna sane, ku ji yadda harshe yake zamewa. Abin da ya fi nanata mini kuwa shi ne wannan: "In ba ki sani ba, ki ce ban sani ba. Wannan ma amsa ce, kuma ina rubuta ta." Na ce na ji.

Ayuba kuwa ba ya raga mini. In muka saɓa, Malam ya haɗa mu, sai Ayuba ya kaɗa kai ya ce, "Tsohuwa, kin sayar da harshenki kin sha fura."

In ce, "Kai da rabin haƙoranka suka zube, wa ke jin abin da kake faɗi?"

"Haƙora suka zube, magana tana nan. Ke naki suna nan, maganar ta tafi."

Wani lokaci shi ne da gaskiya, wani lokaci ni. Abin da ya shafi daka da reno da gulma nawa ne. Abin da ya shafi farauta da ƙira da shari'ar gona nasa ne. Mu biyu muka haɗu muka zama mutum ɗaya mai cikakken baki.

Masu zuwa neman mu sun yi yawa daga baya, kuma iri-iri ne. Akwai malamin da ya zo da takarda cike da kalmomi yana so mu gama masa kafin la'asar. Akwai waɗanda zagi kawai suke so su koya su yi dariya. Akwai wata da ta ce in yi mata waƙar makoki, na ce ba wanda ya mutu. Malam Lawal kaɗai ya san cewa magana ba a tatsarta da gaggawa.

Ranar gasa ta farko da na gani, an cika babban ɗaki da yara, kowa da takarda. Shiru, sai ƙarar fanka. Suna cizon biro, suna zana layi, suna gogewa. A zagayen ƙarshe ake zaɓar waɗanda suka fi, su tsaya gabanmu, Malam ya ba su magana da Hausa, su gina ta da harshenmu, su faɗa da baki. Aikinmu ni da Ayuba mu gyaɗa kai ko mu girgiza. Wata 'yar siririya ta miƙe, ɗiyar cikin birni, ba ta taɓa taka dutse ba, ta ce awakinta uku sun sha ruwan maƙwabci. Ba mu taɓa gaya wa kowa wannan maganar ba, ita ta haɗa abinta. Muryar ta Katsinawa ce, amma ginin daidai yake, ko uwata ba za ta gyara ba. Ayuba ya cire hula ya riƙe a hannu, bai mayar ba har aka tashi.

Yanzu ku saurari zancen ƙirga, don nan ne ramin yake. Mu ba goma-goma muke ƙirga ba, sha biyu-sha biyu ne. Babban yatsa yake bin gaɓoɓin sauran yatsu huɗu, in ya gama hannu an samu sha biyu. Da Malam ya gano haka sai da ya miƙe tsaye don murna. Ya zube tsakuwa a faifai, na yi ta ƙirgawa, na cika hannu ɗaya, na biyu, na uku, na tsaya.

"Ci gaba, Iya."

"Nan na mata ya ƙare."

A wurinmu mace tana ƙirga ƙwai, da ƙore, da kwanakin jego. Abin da ya wuce nan ƙirgan rumbu ne, na maza. Ranar da ake zuba damman dawa, mata ba sa zuwa kusa, don an ce in mace ta ji adadin, rumbun ba zai kai damina ba. Na girma ina jiyo muryoyinsu daga nesa, ban taɓa jin kalmomin ba. Aka kira Ayuba, shi ma da ya kai inda na tsaya sai ya tattara tsakuwar ya tura wa Malam.

Malam ya ce, "Baba, kai fa mai zuwa coci ne."

Ya ce, "Ina zuwa, Malam, ban fasa ba. Amma ƙirgan rumbu a bakin rumbu ake yin sa, da kaka, da dami a hannu. Ba a yin sa da tsakuwa a zaure kamar wasan yara."

Suka yi alkawari in kaka ta yi za su je Batagarawa, gonar yayan Malam, a yi shi a can. Kaka ta farko Ayuba ya samu aikin rufin wani gida. Ta biyu matar Malam ta yi rashin lafiya. Ta uku ban ma tuna abin da ya hana ba. Ni kuwa shekara shida muna zama tabarma kusa da tabarma, ban taɓa ce masa, koya mini ba. Na bar addinin iyayena, na bar tufafinsu da abincinsu, amma wannan ban bar shi ba, kuma ban ma san ina riƙe da shi ba.

Muna cikin haka sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki. Gasar da ake yi shiru sai ta samu masu gida. Wani ɗan siyasa, ba zan kama suna ba, ya ɗauki nauyinta. Aka fito da ita fili, aka kafa rumfuna, aka kawo lasifika da makaɗa. Ya yi shela cewa duk wanda ya zo na ɗaya shi zai ɗauki nauyin karatunsa har jami'a. Ga 'ya'yan talakawa wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Sai mummunar shekarar ta zo. Aka yi ta jin labarin tashin hankali a wasu garuruwa. A unguwar su Ayuba ba wanda ya taɓa shi, maƙwabtansa ma roƙonsa suka yi ya zauna. Amma babban ɗansa ya zo da mota daga gida ya ce ba zai iya barci ba in tsohon yana nesa. Damina ce, dawa ko kai ba ta fitar ba. Ayuba ya biyo ta zauren Malam yin sallama.

"Tsohuwa, zan je in dawo da kaka. Kada ki lalata mana harshe kafin nan."

"Tafi can, in huta da surutunka."

Bai dawo ba.

Malam ya so a ɗauki wani harshe daga littafi a wannan shekara, tunda baki ya koma ɗaya. Mutanen ɗan siyasar suka ce ina, ai tsohuwar nan jama'a ke zuwa kallo. Sai ya gina takardar daga abin da muka riga muka tabbatar mu biyu, ƙirgan mata zalla, bai wuce hannu uku ba. Ya yi komai bisa ƙa'ida, ba ni da abin da zan ɗora masa.

A zagayen ƙarshe yara biyu suka rage, duka mata, kuma suka yi kunnen doki. Ɗaya sunanta Binta, ɗiyar wani mai gyaran keke, shekararta ta ƙarshe ke nan a makaranta. Ɗayar ban riƙe sunanta ba. Malam yana lalube cikin littafinsa ya samo tambayar raba gardama, sai ɗan siyasar ya miƙe da babbar rigarsa ya karɓe lasifika.

"Malam, mi ye na wahala? Ni zan ba su. Bana manomanmu za su yi dami ɗari-ɗari da ikon Allah. To, 'yan mata, ku ce mana dami ɗari da yaren Iya!"

Aka ɗauki tafi, makaɗa suka buga. Na ga Malam ya matsa yana yi masa magana a kunne, mutumin ya ɗaga masa hannu yana dariya. Yaran suka sunkuya kan takarda. Binta ta fara. Ta bi hanyar sha biyu ba ta kauce ba, ta ce hannu takwas da huɗu. Ɗayar ta ɗauki kalmarmu ta goma ta ce goma sau goma. Sai kowa ya juyo gare ni.

Ban sani ba. Kalma uku ce, kuma an koya mini ita tun zaman farko. Amma ga manyan mutane a jere, ga jikokina cikin taro, ga mai lasifika ya kawo ta har bakina yana cewa, "Iya uwar yare, wacce ce?" Tsohuwar da aka tara gari dominta ta ce ba ta iya ƙirga ɗari da harshen uwarta ba? Na saurari maganar biyu cikin kaina. Ta Binta ta yi mini baƙo. Ta ɗayar ta zauna mini daidai a kunne, kuma ban tsaya na tambayi kaina dalili ba. Dalilin kuwa shekara arba'in na yi ina cin kasuwa a Katsina, inda goma-goma ake ƙirga. Na nuna ɗayar.

Binta ba ta yi kuka ba. Ta dubi takardarta, ta dube ni, ta ce, "Iya, ai hanyar ba ta nuna haka ba." Guɗa ta rufe muryarta.

Malam bai yi mini faɗa ba. Bayan kwana biyu ya zo gida, muka gaisa, ya tambayi jikoki, ya tambayi ƙafata. Sannan ya ce, "Iya, kin tabbata?" Na ce masa a'a. Ya ce kyauta ta riga ta fita, ba mai dawo da ita.

Da kaka ta yi na shiga mota na nufi ƙasarmu, karo na farko tun da aka kawo ni. Kwana biyu a hanya. A tashar ƙauyen su Ayuba na yi gaisuwa da harshenmu, matasa suka amsa mini da Hausa. Na iske shi kwance a ɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye, bakin ya karkace, ba ya iya furta komai. Ya gane ni. Na roƙi ɗansa da wani maƙwabci suka ɗauke shi a kan tabarma zuwa bayan gida, inda tsohon rumbunsu yake. Ba jinka a kansa, kaji ke kwana ciki, don yanzu a buhu suke zuba hatsi su jibge a ɗaki. Na sa aka kawo dami ɗaya na dawa na ɗora hannunsa mai lafiya a kai. Surukarsa tana tsaye da tsintsiya tana cewa, "Mama, wannan wane irin magani ne kuma?"

Na durƙusa na gaya masa duk abin da ya faru, da harshenmu. Na ce zan faɗi magana biyu, ya buga damin a kan wadda take daidai. Ya kawar da fuska zuwa bango. Na san abin da yake nufi. Na ce, "Ayuba, dubi rumbun. Babu abin da zan rage a ciki." Muka daɗe a haka, rana tana dukanmu. Can ya juyo. Na faɗi goma sau goma, hannun bai motsa ba. Na faɗi hannu takwas da huɗu. Ya buga damin, ya sake bugawa, ya yi ta bugawa har tsaba tana zuba, bakinsa yana motsi yana son ya ci gaba da ƙirgan daga nan, ba abin da ke fita sai iska. Abin da ke gaba da ɗari yana cikinsa, a can ya zauna. Kafin wata kakar aka aiko cewa ya rasu.

Gasar ba ta daɗe ba bayan haka. Ɗan siyasar ya faɗi zaɓe, wanda ya gaje shi ƙwallo yake so. Malaman sun riga sun saba da rumfa da lasifika, ba wanda ya yarda a koma ɗaki mai fanka. Malam ya yi ritaya. Har yau in na tuno wata kalma cikin dare ko rana, ba ni da wanda zan tambaya ko haka take, don haka ba ta shiga ko'ina. Ku ma abin da za ku ɗauka a wayoyinku baki ɗaya ne, ku sani.

Binta kuwa sai da na yi wata biyu ina cigiya kafin na same ta. Ta gama sakandare ta tsaya nan, tana taya yayarta ɗinki a wani shago kusa da kasuwa. Ta tashi ta ba ni kujerarta, ta kawo ruwa, muka gaisa har ƙasa.

Na ce, "Ɗiyata, na zo in gaya miki ke ce da gaskiya ranar nan. Na je har gida na tambayo. Ni na yi miki ba daidai ba, ki yafe mini."

Ta ce, "Haba Iya, don wannan kika sha hanya? Wallahi ba komai, haka Allah ya tsara." Ta shiga warware zare daga yatsa. Sai ta yi 'yar dariya ta ce, "Mi ma na ce ne a ranar? Na manta."

Na faɗa mata. Ta gwada maimaitawa, harshenta ya harɗe a tsakiya, ta rufe baki da mayafi tana dariya. Wata mata ta shigo karɓar ɗinki tana faɗan an ɓata mata lokaci, Binta ta ce in ɗan jira ta. Na ga aikin ya yi mata yawa, na shanye ruwan, na ajiye kofin a gefen keken ɗinkin, na kama hanyar gida.